Manhajar MatchIt da Gwajin Hanyoyin Gano Sanadi

Mai binciken da ke son sanin ko wani shiri ne ya kawo sauyi a rayuwar mutane, alhali ba ƙuri'a aka jefa wajen zaɓar waɗanda suka shiga shirin ba, zai ga amfanin MatchIt, manhajar kyauta da ke aiki a cikin R, wato harshen kwamfuta da ake nazarin alƙaluma da shi. Daniel Ho, Kosuke Imai, Gary King da Elizabeth Stuart ne suka ƙirƙiro ta, Noah Greifer kuma ya sake gina ta a 2020. Aikinta shi ne ta nemo wa duk wanda ya shiga shiri sa'ansa a cikin waɗanda ba su shiga ba, ta fuskar shekaru, ilimi, aure da abin da yake samu a da.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda take barin mutum ya gwada hanyoyi daban-daban tun kafin ya leƙa sakamakon, don kada son zuciya ya zaɓar masa hanya. Tana zuwa da bayanan mutum 614 masu alaƙa da wani shirin samar da aikin yi na Amurka, wanda Robert LaLonde ya yi nazari a kansa a 1986. Mutum 185 ne a cikinsu suka shiga shirin. Idan aka haɗa kowannensu da mafi kusa da shi a cikin waɗanda ba su shiga ba, bisa makin da ke nuna yiwuwar mutum ya shiga shiri, dabarar da Rosenbaum da Rubin suka gabatar a 1983, sai a ajiye mutum 244 a gefe, kuma duk da haka ɓangarorin biyu ba sa yin kama sosai. Idan kuwa aka raba dukkan mutanen zuwa ƙananan rukunoni ba tare da an zubar da kowa ba, giɓin yana raguwa a fili, kuma teburin da manhajar ke fitarwa yana nuna hakan layi-layi.

Sai dai ba ta ƙarasa aikin. Lissafin girman tasirin da iyakar kuskurensa sai an nemi wata manhaja, hanyar ba wa mutane nauyi kuma, wato a ba bayanan wasu muhimmanci fiye da na wasu a lissafi, tana cikin 'yar uwarta WeightIt. Babban abin lura shi ne, abin da aka auna kaɗai take iya daidaitawa: idan himmar mutum ce ta kai shi shirin, ita ce kuma ta ƙara masa albashi, teburin ba zai nuna ba. Ina ba ɗaliban digiri na biyu shawarar su koye ta, amma a gaban malamin da zai tambaye su abin da suka bari ba su auna ba.