McMurdo ko Amundsen-Scott: ina mai bincike zai zauna?

Duka biyun tashoshin bincike ne na Amurka a Antatika, nahiyar ƙanƙara da ke kudancin duniya, amma zaman ya sha bamban. McMurdo tana bakin teku, a tsibirin Ross. Lokacin zafinsu mutane kan kai 1,000, kamar ƙaramin gari, ga jirgin ruwa na kawo kaya. Mai nazarin dabbobi nan ne wurinsa, don tsuntsayen fengwin kan zo yawo kan ƙanƙara.

Amundsen-Scott kuwa tana ƙuryar kudancin duniya, mita 2,835 sama da teku, sabon zuwa har haki yake yi. Ko ƙuda babu. Rana kan faɗi wata shida, daga Fabrairu zuwa Oktoba jirgi ba ya sauka sai ta larura. Busasshiyar iskar ce masana sararin samaniya ke nema. Ni dai a ba ni McMurdo.