Gargaɗi ga mafarauta: mai sayar da madubin saiti na jabu ya sake buɗe shafi

Assalamu alaikum 'yan uwa mafarauta da masu gonaki. Na daɗe ina jan ƙafa wajen rubuta wannan, don ba kowa ke son fitowa ya ce an yi masa sakiyar da ba ruwa ba. Amma shekaranjiya na ga mutumin da ya cuce ni ya buɗe sabon shafi a Facebook da sabon suna, hotunan kuwa su ne dai na bara, ko shuɗiyar tabarmar robar da yake jera kayan a kai bai canza ba. Sai na ce gara in ji kunya da in yi shiru wani ya afka.

Bindigar iska gare ni, irin mai sifirin ɗin nan da ake karyawa a ɗura, kuma da lasisina. Zabin daji da hasbiya nake nema da ita bayan girbi, sai kuregun da ke tone min gyaɗa. Shekaru sun fara ja, ido ya rage, abin da nake hangowa da can yanzu sai na ƙanƙance ido. Daga nan sha'awar madubin saiti ta shige ni, wato madubin da ake ɗaurawa a kan bindiga yana kusanto da abin harbi, wanda yaranmu ke kira sikof.

Mutumin akwai daɗin baki. "Alhaji, wannan ba irin na kasuwa ba ne. Leupold ne, gwanjon Amurka, guda biyar ɗan uwana ya shigo da su, saura biyu." Ya turo bidiyo ana juya madubin a rana, zoben zinaren da aka san kamfanin da shi yana sheƙi. Muka daidaita a kan naira 90,000, rabi nan take, rabi idan direba ya kawo. Sunan da ke kan asusun daban yake da sunan shafin, na tambaya, ya ce na ƙanensa ne. A nan ya kamata in tsaya, amma kwaɗayi mabuɗin wahala. Ranar da kayan suka iso tasha, ya kira ni ya fi sau biyar, wai direba na sauri, in cika kuɗin a miƙa min. Na cika tun kafin in yage salatif ɗin kwalin.

A gida na buɗe. Warin gam ne ya fara tarbata. Gilashin gaba ja jawur yake sheƙi kamar takardar alawa, kuma idan ka leƙa sai ka ga duniya ta koma shuɗi-shuɗi, tsakiya a fili, gefe-gefe dishi-dishi. Na sa farce a kan zoben zinaren, fenti ya biyo farcen. Duk da haka na yi ta lallashin kaina, na ce ai gwanjo ne, dole ya nuna alamar wahala.

Na ɗaura shi, na liƙa kwali a jikin darbejiya, na auna mita 25. Harbi goman farko suka taru wuri ɗaya, har na fara murmushi. Kafin in kai arba'in harsashi ya fara yawo, wannan dama, wancan ƙasa. Na leƙa sai na ga layukan nan biyu da suka gitta juna sun karkace. Na cire na girgiza a kunne, wani abu na ƙara a ciki kamar tsakuwa a gwangwani. Washegari da asuba na sauka da shi fadama, sanyi na bugunsa gumi ya rufe gilashin ta ciki, inda ba hannun da zai kai ya goge.

Sai daga baya na zauna na nemi sanin abin da ya kamata in sani tun farko. Leupold kamfani ne da ya faro tun 1907, kuma a garin Beaverton na jihar Oregon yake haɗa madubin bindigarsa. Ko mafi araha daga cikin sababbinsu ɗaruruwan daloli ne. Kamfanin da kansa ya sha fitar da gargaɗi cewa ana buga na jabu da sunansa. Kowane na gaske yana da lambarsa a jiki wadda za a iya tambayar kamfanin a kanta, sai dai masu jabun ma sukan kwafi lamba ɗaya su buga a kan da yawa, don haka ganin lamba kaɗai ba hujja ba ce. Sannan Amurka ba ta barin a fitar da madubin bindiga zuwa ƙasashe da dama sai da izinin hukuma. Wanda ya ce maka a jaka ɗan uwansa ya zubo guda biyar, ko dai ƙarya yake yi, ko kuma yana jawo ka cikin abin da ba ka shirya masa ba.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, ko da na gaske ne, ba kowane madubi ke jure bindigata ba. Bindiga mai albarushi baya take shuri. Mai sifirin kuwa sau biyu take yi, ta yi baya sannan ta fizga gaba lokacin da fistin, ƙarfen da sifirin ke tunkuɗawa, ya kai ƙarshe, kuma wannan fizgar ce ke kwance gilasai da layukan da ke ciki. Shi ya sa akwai madubin da aka ƙera musamman don bindigar iska, kuma kamfanoni irin su Hawke na Ingila sukan faɗi haka ƙarara a bayanin kayansu. Na tambayi mutumin nan ko zai yi da tawa, ya ce, "Alhaji, har ta soja yana ɗauka." Na yarda.

Gumin da na gani ma yana da dalili. Madubin kirki ana cire iskar cikinsa a ɗura iskar naitirojin ko ta agon, a toshe da zoben roba, don kada danshi ya shiga. Na jabu iskar ɗakin da aka haɗa shi ce a ciki.

Idan har za ka saya, a gabanka za a gwada, kuma ba sai an yi harbi ba. Ɗaure madubin a wuri mai ƙarfi yadda ba zai motsa ba, ka saita shi a kan ɗigo a jikin takarda. Murɗa abin gyara saiti na saman madubin har ya yi ƙarar ƙas sau ashirin, na gefe ma ashirin, sannan ka mayar da kowanne ashirin. Dole layukan su dawo kan ɗigon daidai. A yawancinsu ƙas ɗaya kusan milimita 7 ne a mita 100, wato ashirin ɗin nan za su matsar da saiti wajen santimita uku da rabi a mita 25. Nawa wani ƙas ɗin ba ya motsa komai, wani kuma ya yi tsalle. Kada manyan lambobi su ruɗe ka. Rubutun 3-9x40 yana nufin yana kusanto da abu ninki 3 zuwa 9, faɗin gilashin gaba kuma milimita 40. 'Yan damfara sun fi son rubuta 6-24x50 saboda ya fi cika ido. Ɗan ƙaramin 4x32 na gaskiya, wanda ba ya zuƙowa, ya ishe ka zabo a mita 30, kuma abin lalacewa a cikinsa kaɗan ne. Ba kuma cewa nake duk na Sin banza ne ba, akwai masu kyau da ke ɗauke da sunan kamfaninsu na ainihi. Wanda ya ari sunan wani shi ne abin gudu.

Da na kai wa Sarkin Bakan garinmu ya gani, ya daɗe yana jujjuya shi. "Ɗana, kuɗin ba su dame ni ba," in ji shi. "Ka saita nan, harsashi ya tafi can. Can ɗin nan wa ke tsaye? Akuyar wani, ko yaron da ke kiwo?" Ban sami amsa ba.

Damfarar ba ta ƙare a nan ba. Da na yi masa ƙorafi bai musa ba, haƙuri ya ba ni, ya ce yaransa ne suka yi kuskuren kwali. In mayar da wannan, in ƙara naira 25,000 kuɗin fito da na gasken, zai turo. A nan na farga na ƙi. Wani abokin farautata na ƙauyen gabanmu ya biya, ya mayar da nasa, aka toshe lambarsa, ya tashi ba tsuntsu ba tarko. Na kai rahoto banki da wajen 'yan sanda, amma an kwashe kuɗin tun ranar da suka shiga.

A sabon shafin har da madubin gani da dare yake tallatawa, yana cewa ba ruwanka da takarda. A dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ko bindigar iska sai da lasisi, balle a halin tsaron da ake ciki a tsare ka a shingen bincike da irin wannan a jaka.

Ga alamominsa: shuɗiyar tabarmar roba a hoto, kullum "saura biyu", ba ya yarda da kiran bidiyo kai tsaye, ba shi da shagon da za a je, asusun kuma na ƙanensa ne. Na ajiye hotunan hirarmu da shaidar tura kuɗin. Duk wanda ya taɓa faɗawa hannunsa ya yi min magana ta akwatin saƙo, mu haɗa takardunmu mu koma wajen 'yan sanda tare.