Ta aljihu ko mai canjin gilashi? Amsa ga mai neman kyamararsa ta farko

Ɗan'uwa, na ga tambayarka. Ka ce wayarka ta fara gaza maka a wuri biyu: idan yara suna guje-guje a ɗaki da dare, da kuma idan ka yi tafiya abin da kake son ɗauka yana nesa. Kuɗin kyamara ɗaya gare ka, kuma ka rasa wadda za ka kama, ƙaramar da ake jefawa a aljihu ko irin ta masu fara koyo wadda ake kwance mata gilashin gaba a ɗaura wani. Na daɗe ina riƙe da kowacce, bari in faɗa maka abin da na gani.

Da farko, kyamarar aljihu ba iri ɗaya ba ce, kuma nan ne mutane suke asarar kuɗinsu. A cikin kowace kyamara akwai ɗan faranti mai kama haske, wanda ake kira sensa. Girmansa ne ya fi komai tasiri a kan kyawun hoto, ya fi yawan megafiksel da ake rubutawa da manyan baƙaƙe a jikin kwali. Ƙananan kyamarori masu araha sensarsu kamar milimita 6 ce a tsayi, 4.5 a faɗi, ba ta kai farcen ɗan yatsanka ba. Wayoyi da yawa na yau sun fi su girman sensa. Shi ya sa kasuwarsu ta mutu: ƙididdigar CIPA, ƙungiyar masu ƙera kyamara ta Japan, ta nuna an fitar da kyamarori kusan miliyan 121 a 2010, amma a 2023 ko miliyan 10 ba a kai ba, kuma irin waɗannan ƙananan ne waya ta fi cinyewa. Idan irinsu kake nufi, ka riƙe kuɗinka. Ranarsu ɗaya ce, jawo nesa kusa. Jerin TZ na Panasonic yana jawowa har ninki 30, abin da zai burge ka da rana tsaka. Da magariba ta yi sai hoton ya koma yashi-yashi.

Waɗanda suka cancanci a yi maganarsu su ne masu sensar da ake kira ta inci ɗaya. Sunan ne kawai, ainihin awonta milimita 13.2 ne da 8.8. Sony ce ta buɗe wannan hanya da RX100 a 2012, Canon ta biyo baya da G7 X. Su kuwa masu canjin gilashi na matakin farko, irin Canon R50, Nikon Z30 da Z50, ko Sony a6100, sensarsu APS-C ce, kusan milimita 23.5 da 15.6, ta Canon ta ɗan fi ƙanƙanta. Wato ta ninka ta inci ɗaya sau uku.

Da jin haka za ka ce magana ta ƙare, babba ta ci. Dakata tukuna, domin a nan ne na fi so ka nutsu.

Haske ba ya isa ga sensa sai ta ƙofar da ke cikin gilashi. Lambar da kake gani bayan harafin f ita ce faɗin ƙofar, kuma a juye take: ƙaramar lamba, babbar ƙofa. Gilashin G7 X Mark III yana buɗewa f/1.8, idan ka jawo har ƙarshe ya tsaya a f/2.8. Gilashin da ake haɗo maka a kwali da babbar kyamara yawanci f/3.5 ne zuwa f/5.6, na R50 ma f/4.5 ne zuwa f/6.3. Tsakanin f/2.8 da f/5.6 bambancin ƙarfin haske ninki huɗu ne. Ka ga ke nan, sensar babbar ta fi girma sau uku, amma ƙofarta ta rage mata haske sau huɗu. Abin da ta samu ta nan ya zube ta can. Na taɓa ajiye su biyun a kan tebur ɗaya da dare, ƙwan lantarki guda ne a ɗakin, na ɗauki yarinya tana zane a ƙasa. Da na buɗe hotunan a kwamfuta sai da na duba sunan fayil kafin na gane wacce ta ɗauki wanne. Gashin girarta, zaren rigarta, duk kusan ɗaya.

Ranar da na ga bambanci ita ce ranar da na kwance gilashin kwalin na ɗaura wani marar jawowa, 35mm f/1.8 (lambar mm ita ce ke nuna faɗin filin da gilashi yake ɗauka: ƙaramar lamba, fili mai faɗi). Idan ka gwada shi da f/5.6, hasken da yake shigarwa ya kusa ninki goma. Ma'anarsa a aikace ita ce, inda dā kyamara take buɗe ido na kashi ɗaya cikin 25 na daƙiƙa, hannun yaro ya fito kamar hayaƙi, yanzu tana iya ƙiftawa a kashi ɗaya cikin 250, yaron ya tsaya cak a tsakiyar tsalle. Bayansa kuma ya narke, labule da kujeru da tarkacen ɗaki duk su dushe, fuskarsa kaɗai ta fito tas. Wannan shi ne abin da ake saye idan an sayi mai canjin gilashi, kuma ba ya cikin kwalin farko. Na san mutane da dama da suka saye ta, suka shekara biyar ba su taɓa danna maɓallin kwance gilashi ba. Abin yana damuna, domin sun biya kuɗin damar da ba su taɓa amfani da ita ba, kuma suna ta ɗawainiyar jaka.

Maganar jaka kuwa ba ƙarama ba ce. Nauyi bai bambanta sosai ba: G7 X Mark III da RX100 VII kowacce kusan giram 300 ce, R50 da gilashinta kusan rabin kilo. Siffa ce matsalar. Ta aljihu idan ka kashe ta gilashin yana komawa ciki, ta zama kamar sabulu. Ɗayar kuwa hancinta a waje yake, dole rataya ko jaka, kuma duk fitar da za ka yi sai ka tsaya ka yanke shawara ko za ka ɗauke ta. Sau da yawa amsar a'a ce. Bayan haka, mutane ba sa ɗar-ɗar da ƙaramar kyamara. Ka ɗaga babba, kowa ya gyara zama ya ɗaure fuska.

Amma ƙanƙantar tana da nata haraji. Maɓallanta ƙanana ne, babu wurin kamawa mai kyau, mai manyan yatsu zai sha fama. Batirinta ɗan mitsitsi ne, a awon kamfani hoto 230 zuwa 260 yake yi, don haka batir na biyu wajibi ne. Masu canjin gilashi na matakin farko irin R50, waɗanda ake kira marasa madubi domin ba su da madubin ciki irin na tsofaffin kyamarori, sun ɗan ɗara hakan, tsohuwar Nikon D3500 mai madubi kuwa an auna mata 1,550. Ka kuma duba ko akwai 'yar tagar leƙe da ake manna ido, domin a cikin rana mai ƙarfi allon baya ba ya nuna komai. G7 X ba ta da ita, RX100 ta samu tata tun samfuri na uku a 2014. A ɗaya ɓangaren ma Z30 da Sony ZV-E10 ba su da ita, an yi su ne domin masu bidiyo.

Wajen bin yaro mai gudu, sababbin marasa madubi suna kama ido su bi shi duk inda ya juya. RX100 VII ma tana yin haka, amma tsadarta ta wuce ta R50 da gilashinta baki ɗaya. Kada ka ɗauka ƙarama tana nufin mai sauƙin kuɗi.

Sai ƙura. Za a tsoratar da kai cewa duk mai canza gilashi sai ƙura ta hau masa sensa. Haka ne, amma ka kifa kyamarar ka hura mata iska da 'yar robar hurawa, an gama. Ta aljihu ma tana shan ƙura, domin gilashin da ke fita yana komawa yana zuƙar iska, kuma idan ta shiga ba ka da hanyar kai hannu sai wurin mai gyara. Wata da na taɓa riƙewa, ƙwayar yashi ce daga aljihun wando ta maƙale mata a wuyan gilashi. Na kunna, ta yi ƙara sau biyu, gilashin ya tsaya rabi a waje, shi ke nan kyamara gaba ɗaya ta tashi aiki. Da mai canjin gilashi ce, da gilashin kawai zan sauya. Kuma gilashi mai kyau yana iya binne gangar kyamara biyu ko uku, wato jikin da ake ɗaura shi a kai. Sai dai ka sani, kowane kamfani da bakin ɗaurinsa: Canon RF, Nikon Z, Sony E, Fujifilm X. Wanda ka fara da shi, da wuya ka fita. Na Sony ya fi yawan gilasan wasu kamfanoni irin Sigma da Tamron, abin da ke sassauta wa mai ƙaramin ƙarfi.

Akwai Ricoh GR III da ta sa sensar APS-C a jikin da bai wuce giram 257 ba, amma ba ta jawowa ko kaɗan, ba za ta biya maka buƙatar tafiya ba.

To, ga inda na tsaya. Aljihunka ya riga ya samu kyamara, ita ce wayarka, kuma da rana tana yin aikin da ya ishi yawancin mutane. Abin da ka ce ya gagare ta, yara da dare, shi ne ainihin abin da babbar sensa da gilashi mai faɗin ƙofa suke magancewa. Saboda haka da ni ne kai, mai canjin gilashi zan ɗauka, da sharaɗin cewa kuɗin gilashi na biyu yana cikin lissafi tun ranar farko, ko da hakan na nufin sayen ganga ta hannu mai shekara uku ko huɗu. Gilashin jawo nesa, irin 55 zuwa 200mm, ya jira sai tafiya ta matso. Idan kuwa ka san halinka, ka san ba za ka rataya jaka ba kuma ba za ka ƙara saye ba, to ka ɗauki mai inci ɗaya mai f/1.8 hankalinka kwance, ba ka cuci kanka ba.

Idan ka tashi sayen gilashin na biyu, za a nuna maka 50mm f/1.8 saboda shi ya fi araha. Yana da kyau ƙwarai wajen ɗaukar fuska, amma a kan sensar APS-C yana matsewa, a ƙaramin ɗaki za ka ja baya har bayanka ya taɓa bango yaran ba su shiga duka ba. Ka nemi 35mm ko abin da bai kai shi ba kaɗan.