Tsofaffin littattafan zane na Rahan a kasuwar Maraɗi: zane ya yi kyau, dabbobin sai an tace

Masu shimfiɗa tsofaffin littattafai a ƙasa, kewayen babbar kasuwa da bakin makarantu, yawancin hajarsu littattafan lakwal ne. Amma in aka tona ƙarƙashin tulin, jefi-jefi akan ci karo da littattafan zane na Faransanci, kuma wanda ya fi cancanta a tsaya a kansa shi ne Rahan. Roger Lécureux ya rubuta labarin, André Chéret ya zana, ya fara fitowa a mujallar Pif Gadget a 1969. Rahan saurayi ne na zamanin da mutane ke kwana cikin kogo, yana rataye da sarƙar farata biyar da wuƙar hauren giwa, wadda yakan juya bisa dutse ya bi inda bakinta ya nuna.

Hannun Chéret ba na wasa ba ne. A dubi yadda yake zana damisa za ta yi tsalle: kafaɗa ta sunkuya, ƙafar baya ta tattare, wutsiya ta miƙe. Baƙin tawada yake zubawa a inuwa ya bar farin takarda ya zama haske, shi ya sa bugun fari da baƙi ya fi mai launi fito da aikin. Yaron da ke son koyon zane zai samu abin kwaikwayo a kowane shafi. Faransancin ma mai sauƙi ne, sai dai sunayen da aka ƙirƙira, irin su kiran mutane "masu tafiya a tsaye" da kiran biri "hannu huɗu", suna buƙatar babba ya yi bayani a karon farko.

Inda ake samun matsala shi ne dabbobin. Giwa mai gashi, wato mamut, ta yi zamani da mutane, an farauce ta, har ragowarta ta kai wajen shekara 4,000 da suka wuce a tsibirin Wrangel da ke arewacin Rasha. Wannan ba laifi. Amma duk shafin da aka ga mutum na jifan dinozor, wato manya-manyan dabbobin zamanin da can masu kama da ƙadangare, da mashi, to ƙage ne tsagwaronsa. Dinozor sun ƙare shekara miliyan 66 da suka wuce, mu kuwa irinmu bai wuce shekara 300,000 ba. Ba Rahan ya fara wannan haɗin gambiza ba. Tun 1932 V. T. Hamlin a Amurka ya zana Alley Oop yana hawan dinozor kamar doki, littafin zane na Turok ya biyo a 1954, masu zane suka yi ta gadon abin daga juna.

Kurakuran suna da kama ɗaya, kuma da an gane su ba a sake mantawa. Tyrannosaurus, babban dinozor mai cin nama, ake tsayarwa ƙiƙam kamar mutum, wutsiya na jan ƙasa. Gaskiyar tsayuwarsa a kwance take: kai gaba, wutsiya baya a sama tana daidaita nauyi, kamar sikelin mai awo. Sawun da aka samu a duwatsu da wuya a ga alamar jan wutsiya a cikinsu. A ƙirga yatsun hannunsa kuma, biyu ne, masu zane da yawa sun ba shi uku. Dinozor masu dogon wuya ana tsoma su cikin fadama har wuya, don a da an zaci ƙafafunsu ba za su ɗauki nauyinsu a tudu ba, alhali ƙasusuwan sun nuna dabbobin tudu ne. Mai tashi sama, Pteranodon, shi kuwa ba dinozor ba ne, kuma fiffikensa ba irin na jemage ba ne mai yatsu da yawa, yatsa ɗaya ne mai tsawo ke riƙe da fatar. Sannan a haɗa Stegosaurus da Tyrannosaurus suna faɗa, bayan tsakaninsu akwai sama da shekara miliyan 80, tazarar da ta fi wadda ke tsakanin Tyrannosaurus da mu. Gashin tsuntsu a jikin wasu dinozor kuwa sai 1996 aka tabbatar da shi a Sin, don haka ba a ga laifin mai zanen 1970 a kan wannan.

Abin da ya fi ɓata rai, dabbobin da aka fi zanawa na Amurka ne, ɗan Nijar ya karanta bai san ƙasarsa na cikin manyan makabartun dinozor na duniya ba. A Gadufawa, cikin Tenere, masanin Faransa Philippe Taquet ya haƙo Ouranosaurus mai tozo a baya kamar an kafa shinge, aka raɗa masa suna a 1976. Can ne kuma masanin Amurka Paul Sereno ya fito da Suchomimus mai cin kifi a 1998, da Nigersaurus a 1999, mai faɗin baki da haƙora sama da 500, mai kiwo kai ƙasa kamar saniya. Sarcosuchus, kada mai tsawon da ya haura mita 9, ya zauna a kogunan wurin wajen shekara miliyan 110 da suka wuce. Jobaria daga yankin In Gal ya fito. Duk wanda ya sayi Rahan don yaro, ya nemo hotunan waɗannan a waya ya ajiye su gefe da gefe, in hali ya yi kuma a kai shi gidan tarihi na Boubou Hama a Yamai ya ga ƙasusuwan da idonsa.

Kafin a biya, a buɗe tsakiyar mujalla. Ƙananan wayoyin da suka ɗinke ta kan yi tsatsa, tsatsar ta ci takarda, shafukan tsakiya su zube, kuma nan ne sau da yawa labarin ya fi zafi. A bi lambobin shafi ɗaya bayan ɗaya. A lanƙwasa kusurwar shafi kaɗan: in ta karye kamar busasshen ganye, takardar ta mutu, ba gyara. A ɗaga littafin a rana a duba hujin gara, a shinshina ko damina ta taɓa shi. Pif Gadget da ɗan abin wasa ake sayar da shi a da, yanzu kusan duk babu, don haka kada a yarda a biya kuɗin cikakke. Farashi ba a rubuce yake ba, taya ake, kuma ɗaukar uku ko huɗu lokaci guda ya fi sauƙin ragi. Kundi mai bangon kwali ya fi jure hannun yara.

A gida kada a liƙe yaga da salatef, gam ɗinsa na narkewa a zafin bazara ya bar tabo mai ruwan ƙasa da ba ya fita. A cire wayoyin da suka yi tsatsa, a ɗinke da zare ta hujin da suka bari. A sa kowane littafi cikin ledarsa bayan an tabbatar ya bushe sarai, a kwantar da su cikin akwatin ƙarfe, a ɗora akwatin bisa bulo nesa da bangon ƙasa, a riƙa buɗewa ana dubawa farkon damina da ƙarshenta.