Shafukan labaran Hausa da shari'o'in Google da Meta: akwai sauri, babu bibiya

Idan za a ba shafukan labaranmu maki kan yadda suke kawo rigimar hukumomi da manyan kamfanonin fasaha, to wajen sauri sun ci, wajen bayani kuwa da sauran aiki ja. Ma'aunin da na ɗauka shari'o'i ne da aka riga aka yanke, domin kowa na iya komawa ya duba: ta Meta, kamfanin da ya mallaki Facebook da Instagram da WhatsApp, a nan Najeriya, biyu na Google a Amurka, sai tarar da Tarayyar Turai ta yi ta yankawa. Shafukan kuma iri uku ne. Akwai sassan Hausa na kafofin waje irin su BBC, DW, RFI da TRT Afrika. Akwai na jaridun gida irin su Aminiya, Premium Times da Legit. Sai ƙananan shafuka da na Facebook masu kwasowa daga waɗancan, waɗanda su aka fi turawa a zaurukan WhatsApp na Gusau, Ƙaura Namoda da Talata Mafara.

A fara da ta gida. A watan Yuli na 2024 hukumar FCCPC, mai kula da gasa a kasuwa da kare haƙƙin masu saye, ta ci Meta tarar dala miliyan 220 bayan binciken wata 38. Kusan kowane shafi ya kawo adadin daidai, wasu har sun juya shi zuwa naira, sama da biliyan 300 a canjin lokacin. Wannan ya yi kyau, domin mai karatu a Tudun Wada ba da dala yake lissafi ba. Inda gizo ke saƙar shi ne laifin da aka tuhumi kamfanin da shi. Yawanci sai a dunƙule shi a jimla ɗaya, a ce ya keta dokar bayanan sirri, a wuce. Alhali tushen maganar shi ne sabon sharaɗin da WhatsApp ya fito da shi a 2021, wanda hukumar ta ce an ƙaƙaba wa 'yan Najeriya: ko ka yarda a raba bayananka da sauran kamfanonin Meta, ko ka haƙura da manhajar. Hukumar ta ce wannan amfani ne da ƙarfin mamaye kasuwa, tunda mutum ba shi da wani wurin gudu, ta kuma ce ana ba masu amfani a wasu ƙasashe zaɓin da aka hana namu. Wanda bai samu wannan bayani ba zai ɗauka gwamnati ce kawai ke neman kuɗin shiga. Haka kuwa mutane da yawa suka ɗauka. Da an ƙara layi ɗaya cewa Indiya ma ta ci Meta tara a Nuwamba 2024 kan wannan sharaɗin dai, da zargin ya ragu.

Babbar ɓarakar ta fito ne a 2025. A watan Afrilu kotun musamman ta sauraron ƙorafin gasa ta tabbatar da tarar, ta ƙara dala 35,000 kuɗin bincike. Kwanaki kaɗan bayan haka labari ya bazu, daga takardun da kamfanin ya shigar kotu, cewa Meta na iya rufe Facebook da Instagram a Najeriya. Nan ƙananan shafuka suka cakuɗa tara uku daga hukumomi uku suka mai da su ɗaya: ta FCCPC, da dala miliyan 32.8 ta hukumar kare bayanai NDPC, da naira biliyan 60 ta hukumar tallace-tallace ARCON. Jimillarsu ta kai wajen dala miliyan 290, amma kowace da dokarta, da shari'arta, da matakin da ta kai. Ɗaya ce kawai ta shafi gasa. Wasu kuma suka cusa WhatsApp cikin kanun, duk da barazanar ta wannan karon Facebook da Instagram ta ambata.

Wannan ba ƙaramin kuskure ba ne ga mutumin Zamfara. Jihar da aka katse wa layukan waya a Satumba 2021 saboda tsaro, har mutane suka riƙa tafiya Funtuwa don kiran waya ko tura kuɗi, ba za a gaya mata za a rufe WhatsApp da wasa ba. Mai sayar da atamfa da ke ɗora hotunan kaya a waya, da dillalin hatsi da ke aika farashin buhu da saƙon murya, hankalinsu ne ake tayarwa a banza. Edita mai sanin ya kamata zai bambanta abin da kamfani ya rubuta a takardar kotu don matsa lamba da abin da ya yanke shawarar yi.

Shari'ar Google a Amurka ta nuna wata cutar daban, wato rashin sanin matakan shari'a. Ma'aikatar shari'ar Amurka ta shigar da ƙara a Oktoba 2020. A Agusta 2024 alƙali Amit Mehta ya yanke cewa Google ya yi babakere a harkar bincike a intanet ba bisa doka ba, bayan an nuna ya biya dala biliyan 26.3 a 2021 kaɗai don ya zama shi ne ke buɗewa kai tsaye a wayoyi da manhajojin shiga intanet. Wannan hukuncin samun laifi ne kurum. Hukuncin gyara, wato abin da za a umarci kamfanin ya yi ko ya daina, daban yake, da zamansa daban. Da gwamnati ta nemi a tilasta sayar da Chrome, manhajar shiga intanet ta Google, sai kanun labarai suka cika da cewa za a raba Google, kamar an gama. A Satumba 2025 alƙalin ya ƙi wannan buƙata. Ya hana yarjejeniyoyin da ke toshe wa abokan gasa hanya, ya kuma umarci a ba su wasu bayanan bincike. Shafukan da suka yi shelar rabawa, kaɗan ne suka dawo suka gaya wa masu karatu cewa ba a raba ba. Buƙatar mai ƙara daban, hukuncin alƙali daban, ɗaukaka ƙara kuma na iya cin shekaru.

Tarar Turai ma haka. Yuro biliyan 4.34 da aka yanka wa Google a 2018 kan Android, kotu ta rage ta a 2022. Ta biliyan 1.49 kan talla, ta 2019, kotu ta soke ta a Satumba 2024, a watan da aka tabbatar da ta biliyan 2.42 ta 2017. Ranar yanka tara kowa na bugawa, ranar sokewa shiru. Abin takaici, ta Android ɗin ta fi kowace kusa da mu, domin ita ce ke bayyana dalilin da ya sa Tecno ko Infinix ko itel da ka saya a kasuwar Gusau ke zuwa da Chrome da binciken Google a girke tun daga kwali.

Akwai kuma abin da kusan ba wanda ke faɗa. A Afrilu 2025 alƙaliya Leonie Brinkema a jihar Bajiniya ta samu Google da laifin babakere a kasuwar tallan intanet. Misalinsa kamar a kara ta Talata Mafara ne a ce mutum ɗaya shi ne dillalin mai sayar da shanu, shi ne na mai saye, shi ne kuma mai karar, yana cin la'ada ta kowane ɓangare. Masu sayarwa a wannan kasuwa su ne shafukan labaran da kansu, domin da yawa daga na gida da tallan Google suke biyan ma'aikata, masu karatu kuma ta Facebook suke shigo musu. Ba na cewa an saye su. Amma adalci ga mai karatu shi ne a sanar da shi cewa mai ba da labarin yana da ruwa a cikin shari'ar.

Idan aka jera su, kafofin waje sun fi tsare adadi da suna da kwanan wata, sai dai rahotonsu kan wannan fanni gajere ne, sau da yawa sakin layi uku a shafin kai-tsaye, kuma ba kasafai suke haɗa shi da rayuwar mai karatu na nan ba. Jaridun gida sun fi ba da fili ga labarin FCCPC, suna kawo martanin hukumar, amma dogaronsu ga sanarwar manema labarai ya yi yawa, ba ka cika jin lauyan da ya san dokar gasa ta 2018 ya yi fashin baƙi ba. Ƙananan shafuka kuwa ba na ba kowa shawarar ya dogara da su a nan: babu kwanan wata, babu sunan kotu, tsohon labari na dawowa a matsayin sabo.

Kafin ka tura irin wannan labari gaba, nemi sunan hukumar ko kotun da ƙasar da take, ka duba ranar da aka buga shi, sannan ka gano ko zargi ne, ko samun laifi, ko hukuncin gyara, ko ɗaukaka ƙara. Idan rahoton bai faɗi abin da aka umarci kamfanin ya daina ba, rabinsa ka karanta. Na Najeriya kuwa, FCCPC na saka sanarwarta a shafinta na intanet, a can ake ganin cikakken jerin tuhumar. Editoci kuma abin da ya rage musu mai sauƙi ne: shafi ɗaya ga kowace shari'a, mai jerin ranaku, a riƙa sabunta shi duk lokacin da kotu ta zauna, a maƙala shi ƙarƙashin kowane sabon rahoto.