Shagon shayin da ake haska samurai a Jidda

Jama'a akwai wani ɗan shagon shayi nan Jidda da suke haska katun ɗin Japan bayan Isha'i, ƙanina ne ya ja ni daga unguwar Karantina, wlh ban yi nadama ba. Hoto tas, fassarar Larabci a ƙasa, shayin da zafinsa. Kujerun ne dai sun yi kaɗan kuma esin ya fi ƙarfina, sai da na rufa da rawanina.

Abin da ya riƙe ni shi ne musun da aka yi bayan fim ɗin. Labarin wani samurai ne, wato mayaƙin Japan na da, a zamanin Sarki Meiji, bayan dokar 1876 da ta hana su yawo da takobi. Wani Bature a gefena cewa yake jarumi ne mai neman 'yancin kansa, kamar kaboyin Amurka. Wata 'yar Japan tace a'a, mutum ne da nauyin ubangidansa da kunyar jinin da ya zubar suka danne, shirun nan da yake yi ba burga bane. Sai wani ɗan Koriya ya ajiye kofinsa a hankali yace shi in ya ga takobin nan 1592 yake tunawa, lokacin da Hideyoshi mai mulkin Japan ya tura dakaru suka afka ƙasarsu, da mulkin mallakar da Japan ta yi musu daga 1910 zuwa 1945, wajen yayi tsit.

Ni gsky na fi fahimtar 'yar Japan ɗin, mu da muka san bara da ubangida da kunya. Mai shagon bai katse kowa ba, ƙara mana shayi ma yayi. Alhamis zan koma amma da rigar sanyi.