Madubin hangen taurari mai faɗin milimita 70: wata huɗu ina amfani da shi

Hotunan da ke jikin kwalin ne suka ja ni, ba zan ɓoye ba. Taurari jibge cikin ja da shuɗi da ruwan zinare, irin waɗanda madubin James Webb ya fara aiko wa duniya a watan Yulin 2022. Na saya a wani shagon intanet da zaton zan kafa shi a soron gidanmu a Kano in ga irinsu da idona.

Ba haka abin yake ba, kuma nan ne ƙorafina yake. Madubin Webb faɗinsa mita 6.5 ne, yana can sararin samaniya nesa da ƙura da fitilu, kuma hasken da yake kamawa ido ma ba ya ganinsa, masana ne ke sanya masa launi daga baya. Nawa kuwa santimita bakwai ne. Manna waɗannan hotuna a kwalinsa yaudara ce. Haka ma alƙawarin girmama abu sau ɗaruruwa: gilashi irin wannan in ya wuce sau 140 sai dishi-dishi. Ƙafafunsa uku kuma ba su da ƙwari, iska kaɗan sai komai ya kama rawa. Sai da na rataya jarkar ruwa a tsakaninsu kafin su tsaya.

Amma ranar da na saita shi kan wata ɗan kwana bakwai, na manta da haushin kwali. A bakin inda haske ya haɗu da duhu, ramuka ne manya da ƙanana, kowanne da inuwarsa a ciki, ga duwatsu tsaye kamar ka miƙa hannu. Abu mai nisan kilomita 384,000! Ɗiyata ta sa ido, can sai ta ce, "Baba, watan yana gudu!" Da gaske kuwa, cikin minti biyu ya fice daga gilashin. Juyawar duniya ce muke gani ƙiri-ƙiri, abin da na sha faɗa mata da baki ba ta gane ba.

Mushtari, ɗaya daga cikin duniyoyin da ke kewaya rana, ya fito ɗan faifai fari, da ɗigo huɗu jere a gefensa, watanninsa da masanin taurari Galileo ya gani a 1610. Washegari jerin ya sauya. Zuhal, shi ma duniya ce mai kewaya rana, ya fito ƙarami ƙwarai, amma zobensa na nan, siriri kamar an zana da alƙalami.

Da muka je ƙauye bayan ɗaukewar ruwa, kafin hazo ya sauka, na nuna wa kawuna Zara. Ya daɗe da ido a gilashin, sannan ya ɗago ya ce, "Ɗan nan, ai rabin wata ce. Ashe matar wata kamar mijinta take." Kaza da 'ya'yanta kuwa, da muka saba ƙirga shida ko bakwai, sai ga su sun cika gilashin, gomiya-gomiya. A can ne na samu tarin taurarin Andromeda, bayan manhajar Stellarium ta nuna mini wurin. Ba launi, ba komai, ɗan hayaƙi ne toka-toka. Sai dai hasken nan ya yi shekara miliyan biyu da rabi a hanya kafin ya faɗa idona, kuma na daɗe tsaye ban iya magana ba.

Wanda ke son wata da duniyoyin kusa, ya saya, zai ci kuɗinsa. Cikin ƙananan gilasan da ake sa ido a kansu, ya fara da mai lamba 20, ya fi sauƙin nemo abu. Cikin gari fitilu suna cinye ƙananan taurari, lokacin hunturu kuma ƙura ta rufe sauran. Kada a kuskura a duba rana da shi ko na daƙiƙa ɗaya, yana makantarwa. Ni da safe nake naɗe shi in kulle a ɗaki saboda yara.